Kafin Asabari Ya Rufe Ido: Tazarar Da Ke Tsakanin Tozai Da Ɗakin Tiyata

Akwai wata irin makanta da ba ta zuwa da zafi, ba ja, ba kwantsa, ba hawaye. Mutum yana cikin harkarsa a gona ko a kasuwar Illela, sai ya fara ganin walƙiya a gefen ido ɗaya alhali babu hadari a sama. Kwana ɗaya ko biyu sai ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna yawo a gabansa kamar ƙudaje, ya kai hannu ya kore su, bai taɓa komai ba. Daga nan wani duhu ya taso daga gefe, yana matsowa a hankali kamar ana sauke asabari a ƙofar ɗaki. Wanda ya leƙa idon daga waje ba zai ga aibu ba, farin yana nan fes, baƙin yana nan garau, shi ya sa iyali kan ce gajiya ce ko rana ce ta buge shi, a bari a ga gobe. Wannan ciwo shi ne ɗayewar tantanin gani, wanda likitoci ke kira retina, kuma yana cikin cututtukan ido ƙalilan da ake ƙirga lokacinsu da kwanaki. Hujjar da nake son kafawa a nan ita ce, ga mutumin Tozai da sauran ƙauyukan bakin iyakar Najeriya da Nijar, sakamakon tiyatar wannan ciwo yakan tabbata tun kafin likita ya sa hannu. Jinkiri ne ke mayar da aiki mai sauƙi ya zama mai wuyar gaske, don haka duk wanda ke son ceton idanun nan sai ya fara da gajarta hanyar zuwa ɗakin tiyata da hanyar komawa gare shi.

Sai an san yadda ido yake kafin a gane dalilin gaggawar. Cikin ƙwayar ido cike yake da wani ruwa mai kauri, garai-garai, kamar farin ɗanyen ƙwai. A bangon baya kuwa akwai wani siririn tantani a shimfiɗe, shi ne ke karɓar haske ya mayar da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wani muhimmin ɓangare na abincinsa yana zuwa ne daga bangon da yake manne da shi. Idan shekaru suka ja, ruwan nan mai kauri yakan tsinke ya janye daga bango, a wasu mutane kuma yakan fizgo tantanin ya yaga shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan ƴar tsaga ruwa ke kurɗawa bayan tantanin yana ɗaga shi, kamar yadda ruwan damina ke shiga bayan yaɓe ya raba shi da ginin ƙasa. Duk wurin da ya ɗaye ya rabu da abincinsa, ya daina gani. A tsakiyar tantanin akwai wani ɗan wuri da ake iya kira cibiyar gani, da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Muddin ɗayewar ba ta kai cibiyar ba, tiyata na iya riƙe gani kusan yadda yake. Idan ta kai, kowace rana da ta wuce tana tafiya da wani abu da ba zai dawo ba. Ƙididdigar ƙasashe da dama ta nuna ciwon na samun kimanin mutum 1 cikin 10,000 a kowace shekara, kuma wanda ido ɗaya ya ɗaye masa yana cikin haɗarin ɗayan ma ya bi.

Abin da likitoci ke kira ɗayewa mai sarƙaƙiya wani mataki ne na gaba, kuma duk wanda ya taɓa ganin aikin majema a Sakkwato zai gane shi nan take. Ɗanyar fatar akuya idan aka shimfiɗa ta da wuri tana bin hannu, tana kwanciya yadda ake so. Idan aka yar da ita ta bushe haka nan, sai ta takure ta nannaɗe, ta ƙi miƙuwa, wanda ya matsa mata kuma ya yaga ta. Haka tantanin gani yake. In ya daɗe a ɗaye, wasu ƙwayoyin halitta kan bazu a samansa da ƙarƙashinsa su saƙa tabo, tabon ya riƙa janyewa yana tattare tantanin har ya zama kamar mazurari. A ƙasashen da ake zuwa asibiti da wuri, wannan tabo kan bayyana a kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ciwon, kuma shi ne babban abin da ke sa aiki ya warware bayan an yi shi. Akwai wasu hanyoyin sarƙaƙiyar: yagewa mai girma da ta zagaye rubu'in ido ko fiye, rauni da ya huda ido, da kuma ɗayewar da ciwon suga ko sikila ke jawowa, inda sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari ke tsirowa su zama igiyoyi masu jan tantanin. Amma a wurare irin namu, hanyar da ta fi kowace yawan kai ido ga wannan hali ita ce zama a gida.

Ilmin gyaran kansa ba sabo ba ne. Shekaru ɗari da suka wuce, ɗayewar tantanin gani hukuncin makanta ce kusan ga kowa, har sai da wani likita a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, Jules Gonin, ya nuna cewa tsagar ce tushen ciwon, in aka gano ta aka toshe ta tantanin zai koma ya kwanta. Duniyar likitocin ido ta amince da maganarsa a babban taronsu na Amsterdam a 1929. A 1949 Ernst Custodis a Jamus ya fara ɗinka wani abu a bayan ƙwayar ido don ya turo bango ya tarbi tsagar, dabarar da Charles Schepens ya bunƙasa a Amurka, ita ce a yau ake yi da ɗamarar silikon. A 1962 Paul Cibis ya fara zuba man silikon a cikin ido don ya tokare tantanin daga ciki. A farkon shekarun 1970 Robert Machemer ya ƙirƙiro na'urar da ke shiga cikin ido ta yanka ruwan nan mai kauri ta tsotse shi, sannan a 1987 Stanley Chang ya kawo wani ruwa mai nauyi da ke danne tantanin ya shimfiɗe shi a lokacin aiki. Waɗannan su ne kayan aikin da ake amfani da su har gobe, a Landan ko a Kaduna.

Aikin ido mai sarƙaƙiya abin a tsaya a duba ne. Likita yana zaune a wajen kan mara lafiya, idonsa a kan madubin ƙara girma, ya huda ƙananan ƙofofi uku a farin ido, kowace ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ta ɗaya ruwa ke shiga don kada idon ya lotse, ta biyu fitila, ta uku na'urar yanka. Bayan ya kwashe ruwan mai kauri, sai ya ɗauki ɗan hantsaki ya riƙa ɓare tabon daga kan tantanin, zare bayan zare, a kan abin da siririnsa ya kusa na takarda. In tantanin ya takure har ya ƙi miƙuwa, dole ya yanke gefensa don sauran ya sami sakewa. Sai ya zuba ruwa mai nauyi ya shimfiɗe shi, ya bi gefen kowace tsaga da hasken leza yana ƙona ta ɗigo-ɗigo don ta manne, kamar mai walda, sannan ya janye ruwan ya cika idon da iskar gas ko man silikon. Inda ɗayewar kwana uku za ta buƙaci a toshe tsaga ɗaya kawai, ɗayewar wata uku tana iya cin sa'o'i, ta ci kayan aiki masu tsada da ake sayowa da kuɗin waje, kuma ta buƙaci a sake shiga idon karo na biyu ko na uku.

Idan aka zo maganar sakamako, dole a raba abu biyu da mutane kan haɗa: kwanciyar tantani da dawowar gani. A ɗayewar da aka kama da wuri, aiki ɗaya yakan kwantar da tantanin a ido 8 zuwa 9 cikin 10. A mai tabo kuwa labarin daban ne. Wani babban bincike da aka gudanar a asibitocin Amurka daga 1985 zuwa 1990, wanda ya gwada man silikon da iskar gas a idanu masu tabo mai tsanani, ya nuna cewa man da iskar gas mai daɗewa sun yi kusan kunnen doki, kuma dukansu sun fi iskar da ke saurin bajewa. Amma ko a hannun ƙwararrun can, kimanin rabin idanun ne kawai suka sami ganin da zai ishi mutum ya yi zirga-zirga da kansa. A nahiyarmu, wani rahoto da aka buga a 2002 daga asibitin ido na Kikuyu a Kenya ya ba da hoton da ya fi kama da namu: ido 9 cikin 10 sun iso bayan cibiyar gani ta riga ta ɗaye. Duk da haka aiki ɗaya ya kwantar da kimanin 7 cikin 10, da aka maimaita kuma adadin ya kusa 9 cikin 10. Abin da waɗannan alƙaluma ke faɗa a fili yake. Likitan Afirka yana iya shimfiɗa tantani kamar kowane likita, amma ƙwayoyin gani da suka mutu da yunwa a watannin jira babu hannun da zai tashe su.

Yanzu a auna wannan da hanyar da ke gaban manomin Tozai. Alamar farko ta same shi ana tsakiyar girbin gero, ba zai bar amfanin shekara a gona don ƙudajen da shi kaɗai ke gani ba. Mako ya wuce, ya aika kemis a sayo maganin ɗigawa, wanda ba ya kai wa bayan ido balle ya toshe tsaga. Wani ya ba shi tozali, wani ya ce yanar ido ce ke tasowa, a jira ta nuna. Sai duhu ya rufe tsakiya sannan hankali ya tashi, a hau kabu-kabu zuwa Illela. In ba a sami wanda zai buɗe ƙwayar idon da magani ya leƙa bayansa ba, za a sake ba shi wani maganin ɗigawar. In an dace, a tura shi Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da ƴan kai ta Gwadabawa da Kware, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Likitocin da suka ƙware a tiyatar bayan ido ƙalilan ne a duk Najeriya, mafi yawansu kuma suna manyan birane, don haka sau da yawa maganar takan ƙare da takardar zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Kano, ko Abuja. Wannan wata tafiyar ce ta wajen kilomita 500 ta Gusau da Funtuwa, a hanyar da kowa ya san halin tsaronta. Kafin nan sai an sayar da rago ko buhunan hatsi, an nemo ɗan rakiya, an san inda za a kwana. A kowane zango ana zubar da kwanaki, kuma a kowane kwana tabo yana saƙa.

Yankin yana da nasa dalilan da ke ƙara yawan ciwon da tsananinsa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007, wanda ya duba mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kusan kashi 43 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu kwantar da yana na gargajiya ne suka yi musu aiki. Wannan dabara ta tura yanar cikin ido da tsinke tana dagula ruwan ciki, tana kawo kumburi, kuma tana iya yaga tantanin gani. Ga raunin karan dawa da ƙaya da ƙahon dabba da haɗarin babur, waɗanda suka fi samun matasa masu ƙarfin aiki, kuma idon matashi ya fi saurin saƙa tabo. Ga sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Ga ciwon suga da ke ƙaruwa, mutane da yawa ba su san suna da shi ba sai ya taɓa ido.

Tiyatar ma ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Wanda aka sa wa gas sau da yawa sai ya kifa fuska na kwanaki, kamar mai dogon sujada, don kumfar ta tokare inda ake so, kuma ba shi ba hawa jirgin sama har ta baje, wanda kan kai mako shida zuwa takwas a iskar mai daɗewa. Maniyyacin Hajji ko Umara dole ya san wannan, domin kumfar tana kumbura a sama har ta iya kashe idon. Man silikon ya fi dacewa da mai zuwa daga nesa da mai ido ɗaya, don ana iya gani ta cikinsa da wuri, amma bashi ne da sai an biya: yawanci ana so a cire shi bayan wata uku zuwa shida. In aka bar shi ya daɗe yakan farfashe ya zama ƙananan ɗigo, ya toshe magudanar ruwan ido ya kawo hawan jinin ido, ya jawo yana, ya dusashe gilashin gaban ido. Iyalin da suka karkaɗe rumbu don aikin farko ba su da abin komawa na biyu, sai idon da aka ceto da wahala ya mutu a hankali a gida. Duk lissafin da bai haɗa da kuɗin komawa ba, rabin lissafi ne.

Mai ƙalubalantar wannan magana yana da hujja mai nauyi, kuma ya cancanci a saurare shi. Zai ce binciken ƙasa ɗin nan ya nuna yana ce ke da kashi 43 cikin 100 na makanta, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17, kuma kuɗin aikin bayan ido guda ɗaya zai buɗe idanun masu yana da yawa. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗebe kuɗin yana a kai wani wuri. Sai dai abubuwa uku sun rage wa hujjar ƙarfi. Na farko, mai yana yana iya jira shekara ya sami ganinsa cif, mai ɗayewar tantani ba shi da wannan damar. Na biyu, aikin yana shi kansa yana ƙara haɗarin ɗayewa, musamman in an sami tangarɗa a lokacin aikin. Jihar Sakkwato, da tallafin ƙungiyar Sightsavers, ta yi shekaru tana faɗaɗa aikin yana, kuma duk jihar da ta yi haka ta ɗauki alhakin tanadar wa ƴan kaɗan da bayan idonsu zai ba da matsala. Na uku, mafi yawan abin da ake buƙata don hana sarƙaƙiya ba shi ne mai tsadar ba. Tsagar da aka gano kafin ruwa ya shiga bayanta ana rufe ta da leza cikin mintoci, mutum ya tashi ya tafi gida. Ɗayewa sabuwa a idon matashi sau da yawa ɗamarar silikon ta ishe ta, ba sai da babbar na'ura ba.

Wani kuma zai ce, tunda ganin da ke dawowa bayan aiki mai sarƙaƙiya kaɗan ne, me ya sa za a talauta gida a kansa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta tana buƙatar likita ya faɗa wa iyali gaskiya tun farko. Akwai idon da ya daɗe har ya daina gane haske, wanda taɓa shi ɓarnar dukiya ce, kuma faɗin haka ma jinƙai ne. Amma a tambayi wanda ɗaya idon ya riga ya tafi mene ne darajar ɗan ganin da zai kai shi masallaci ba jagora, ya gane ƙofar makewayi, ya ga inuwar jikansa. Wannan ɗan ganin yana ƴanta mutum biyu, domin yaron da zai riƙe masa sanda yini guda yaro ne da aka cire daga makaranta. Ma'aunin mai ido biyu ba ya auna wannan riba daidai.

Akwai kuma masu ganin gangamin aikin ido kyauta da ake kawowa lokaci-lokaci ya wadatar. Alherinsa ga masu yana ba ya musantuwa, amma ciwon da ke ƙirga kwanaki ba ya jiran gangamin da ke zuwa sau ɗaya a shekara, kuma aikin da ke buƙatar dubawa akai-akai da cire mai bayan watanni ba na baƙon da zai naɗe kayansa ran Juma'a ba ne. Masu cewa makanta ƙaddara ce kuwa, ba a musu da ƙaddara, sai dai neman magani ma umarni ne na addini, kuma a wannan ƙasa ba baƙon abu ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce kan ilmin magani, har da na ciwon ido.

Abin yi yana bin tsarin hanyar ne daga farkonta. A ɗakin shan magani na Tozai da makamantansa, ma'aikacin lafiya ba ya buƙatar na'ura don ya san alamu uku: walƙiya, ƙudajen da suka zo farat ɗaya, da asabarin duhu. Duk wanda ya kawo ɗaya daga cikinsu, ko ya sami bugu a ido, a tura shi a ranar, kada a ce ya gwada magani ya dawo. Masu kemis da limamai da gidajen rediyo su san alamun nan, domin su ake fara tambaya, kuma saƙon da aka yi da Hausa zai tsallaka har Birnin Ƙonni, inda dangi ɗaya ne da ciwo ɗaya. A babban asibitin Illela a sami ma'aikacin jinyar ido da ke buɗe ƙwayar ido ya duba baya, da lambar wayar likitan Sakkwato da zai karɓi mara lafiya ba tare da layin wata guda ba. A Sakkwato kuma a tabbatar da cikakken sashen tiyatar bayan ido mai aiki kowane mako, da likita fiye da ɗaya, da mai gyaran na'ura, da kayan aiki da ba sa yankewa, domin zai yi wa Kebbi da Zamfara da kudancin Nijar hidima. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta yi tanadin asusun marasa galihu, jihar tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, tana kuma da Hukumar Zakka da Waƙafi. Ya kamata su ɗauki wannan aiki a matsayin na gaggawa, su biya shi a dunƙule: aikin farko, kuɗin mota, da cire mai. Kowane asibiti kuma ya riƙa rubuta kwana nawa mara lafiya ya yi kafin ya iso, don wannan adadi shi ne zai nuna ko tsarin yana aiki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gonin ya gano sirrin tsagar kusan shekara ɗari da suka wuce, waɗanda suka biyo bayansa sun ƙera duk abin da hannu ke buƙata, kuma akwai ƴan Najeriya da suka iya aikin. Abin da ya rage namu ne: manomin da ya ga walƙiya ranar Lahadi ya kasance a gaban mai duba bayan ido ranar Litinin, a kan teburin aiki kafin mako ya zagayo, sannan bayan wata huɗu a sami wanda zai kira shi a waya ya ce lokacin cire mai ya yi, kuɗin mota yana nan.